Tun Yaushe?

Harafi uku ne kacal, amma ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Ka ce “tun” ka yi shiru, mai sauraronka zai zuba maka ido yana jiran sauran. Tun ɗazu. Tun jiya. Tun bara waccan. Tun ina goye. Kullum sai an haɗa ta da wani abu, kuma abin nan dole ya zama wanda mai magana da mai ji duk suka sani, in ba haka ba maganar ta faɗi ƙasa banza.

Akwai “tun” ta gaggawa, wadda ta cika karin magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun ran gini tun ran zane. Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Waɗannan gaba suke duba, gargaɗi ne ga mai jinkiri. Akwai ta ƙorafi, wadda uwargida ke tarbar maigida da ita: “Malam, tun la’asar tuwon nan ke jiranka.” Akwai wadda ta rikiɗe ta zama hujja: tunda ka ce haka, shi ke nan. Amma wadda ta hana ni sakat ita ce mai waiwaye, wadda Bahaushe ke ninkawa idan nisan ya yi masa yawa, ya ce “tuntuni”, yana jan ƙarshenta yana kaɗa hannu ta bayan kafaɗa. Kunne kan haɗa ta da tuna da tunani, kuma kunnen bai yi laifi ba, domin a bakin yawancinmu inda tunawa ta ƙare nan “tun” take tsayawa.

Kafin kalanda ta shiga aljihun kowa, da abu biyu muke auna baya: wahala da sarauta. Dattijon da ba shi da takardar haihuwa ya san an haife shi kafin wata fara ko bayan wata yunwa. Kakalaba ta 1913 da 1914 ta daɗe tana yi wa mutane wannan aiki, sannan ta 1984, wadda a Nijar aka laƙaba wa El-Buhari, ta karɓe ta. Sarauta kuwa ta fi kai wa nesa. A yammacin ƙasar Hausa, in aka ce tun zamanin Kanta, an koma farkon ƙarni na 16, lokacin da aka kafa daular Kabi aka ɗora ganuwar Surame. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Sa’idu Faru, babban aikinsu ke nan, su tsawaita wa ubangidansu “tun” ɗinsa: ɗan wane, jikan wane, tattaɓa kunnen wane, har mai ji ya sakankance gidan nan ba jiya ya fara ba. Amma ko makaɗin da ya fi kowa sanin asali, sunayen da ke bakinsa suna ƙarewa. Daga nan sai a ce tun kaka da kakanni. In aka matsa, tun zamanin Annabi Nuhu. In aka ƙara matsawa, sai a yi tsalle guda a ce tun fil azal.

Wannan ta ƙarshe mun yi mata riƙon sakainar kashi. Azal ba ta da farko, ta Mahalicci ce shi kaɗai, amma za ka ji an ce gabar unguwar nan da waccan tun fil azal take, alhali ba ta wuce rikicin wata rijiya a zamanin shugaba Diori ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsallen. Tsakanin kakan da aka manta sunansa da azal akwai fili mai faɗin gaske, kuma harshenmu na yau da kullum ba ya yada zango a cikinsa.

A Bengu, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso, ana iya shiga filin nan da ƙafa. Garin yana yankin da kwarin Foga da kwarin Mauri suke haɗuwa kafin su gangara kogin Kwara, kusurwar da Nijar da Najeriya da Benin suka yi kafaɗa da juna, inda ya fi ko’ina samun ruwan sama a Nijar. Ƙasar giginya ce da rake, kuma ƙasar gishiri. Da rani, idan fadama ta tsane, wani fari-fari kan fito a fuskar ƙasa. Masu aikin su kankare shi, su tara, su zuba a matata, su kwarara ruwa a kai. Ruwan ya riƙa ɗiga ƙasa a hankali, launinsa ja-ja, ka ɗanɗana da yatsa ka ji ya kama harshe. Shi za a ɗora a wuta a yi ta iza icce har ya ƙone ya bar gishiri. Ƙasar da aka tace kuwa a watsar da ita gefe, bana a kan ta bara. Yaro ya tambayi tsohuwar da ke iza wutar, “Kaka, tun yaushe ake wannan aiki a nan?” Amsar ba ta wuce, “Haka munka iske, ɗan nan.”

Takarda ta ɗan fi ta nisa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a 1853 a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya ga masu gishiri sun kafa bukkokinsu a kan tuddai, tuddan kuwa ba komai ba ne illa tatacciyar ƙasar da aka yi ta zubarwa. Ke nan a lokacin ma aikin ya riga ya tsufa har sharar da ya bari ta isa a zauna a kanta. Fatake sun kai gishirin Foga Bargu da Nufe. Shi kansa gishirin daga ƙasa yake hawowa: ruwan ƙarƙashin kwarin yana kusa, yana tsattsafowa sama, rana ta shanye ruwan ta bar abin da ya ɗauko.

To, kwarin fa? Mai tsaye a tsakiyarsa zai ga faɗinsa ya fi ƙarfin ’yan tafkunan da ke kwance a ciki. Ruwa ne ya haƙa shi, ruwa mai gudu, wanda a ɓangaren Mauri ya taso tun daga duwatsun Adar ya bi ta Dogon Dutse. Kogi ne da ya mutu. Ya yi gudu a zamunnan damshi, waɗanda na ƙarshensu ya kama daga shekara kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, lokacin da wani ɗan sauyi a karkatar duniya kan hanyarta ta zagaya rana ya tura damina can arewa, hamada ta yi kore. Mutanen wancan zamani an gan su ido da ido. A 2000, a wani wuri da ake kira Gobero cikin Tenere, ayarin masu neman ƙasusuwan dabbobi suka yi kiciɓis da maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a gefen wani tafki da ya ƙafe. An samu masun kamun kifi na ƙashi, da ƙayar giwan ruwa, da wata yarinya da aka binne da awarwaron hauren dorina a damtse. An samu wata mace da yara biyu a kabari ɗaya, hannuwansu a sarƙe, shekara kimanin 5,300 ke nan. Dorina da giwan ruwa, a inda yau raƙumi ke wahalar kai wa rijiya. Ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu, ba makaɗin da ya gaji kirarinsu, amma mutane ne, sun yi kuka a bakin kabari. Har nan “tun” tana iya lallaɓawa ta kai.

Ƙasa da nan ne take sarewa. Bengu tana gefen kudu na wani makeken kwari na ƙarƙashin ƙasa, wanda masana duwatsu suka ba sunan Buzayen Iwillimidan. Ya kama daga Mali, ya ɗauke yammacin Nijar, ya shiga Sakkwato da Kabi, cike da yashi da laka da suka kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Wani hawa daga cikin tsofaffin an ba shi sunan Illo, garin nan na jihar Kabi da ke ƙetaren kogi ba nisa da Gaya, kuma a cikinsa ana samun icen da ya zama dutse. Ka ɗauki guntunsa ka ga zanen icce sarai, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar tsakuwa.

A saman wannan akwai hawan teku. Shekara kimanin miliyan 70 da suka wuce, ruwan gishiri ya shigo daga arewa ta Mali ya kwanta a kan Tawa da Sakkwato. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai dogon baki da faffaɗan hannuwan iyo. Wani masani a Landan, William Swinton, ya fara bayaninta a 1930, sannan a 1972 wasu masana ’yan Italiya suka raɗa mata Goronyosaurus. Tekun ya ja da baya, ya sake dawowa, ya bar farar ƙasa mai cike da ƙwanson halittun ruwa. Ita ake fasawa a Kalambaina da Malbaza ana yin siminti. Duk wanda ya yi shafe da simintin Sakkwato, da gawar teku ya yi.

Su kuwa manyan, waɗanda ake kira dainoso, sai an haura gefen arewa maso gabas na kwarin Iwillimidan, ƙasar Agadas, inda iska ta yaye yashi ta bar su a fili. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka kai labarin wani wuri mai suna Gadufawa, inda ƙashin baya ke jere a kan rairayi. A 1965 wani saurayin masani, Philippe Taquet, ya fara aiki a wurin, kuma daga nan aka samu Ouranosaurus, mai cin ganye, tsawonsa mita 7 zuwa 8, da dogayen ƙasusuwa a tsaye bisa gadon bayansa. An raɗa masa suna a 1976, kuma ƙasusuwansa suna gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A nan ne kuma aka samu kadan da ake kira Sarcosuchus, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kai tsawon mutum, jikinsa ya haura mita 9. Gadufawa a lokacin ƙasar manyan koguna ce, shekara kimanin miliyan 110 da suka wuce.

Wanda na fi so a cikinsu ba mai ban tsoro ba ne. Nigersaurus, wanda Paul Sereno na jami’ar Shikago da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a 1999, tsawonsa mita 9, nauyinsa ya yi na giwa. Bakinsa ya fi sauran kansa faɗi, gabansa a miƙe sambal, haƙoran duk sun taru a gaba a layi ɗaya, ƙanana, siraran gaske. A bayan kowane haƙori akwai wasu a jere cikin muƙamuƙi suna jiran layi, jimla sun haura 500, kuma kowanne ba ya wuce mako biyu yana aiki sai ya faɗi na baya ya maye gurbinsa. Dalilin a bayyane yake: kansa a sunkuye yake wuni, yana yankar ƙananan tsirrai dab da ƙasa, yana haɗawa da yashi, yashin yana cinye haƙoran. Ciyawa irin tamu ba ta mamaye duniya ba tukuna. Ƙasusuwan kansa kuwa saboda rashin kauri haske na ratsa wasunsu. Dabba ce da aka yi domin kiwo, ta yi kiwonta, ba makiyayi ba mai kallo.

Buzayen yankin Ingal sun riga kowane masani ganin irin waɗannan ƙasusuwa, kuma ba su bar su babu bayani ba: na wata halitta ce ta cikin labaransu mai suna Jobar. Da aka tono wani mai dogon wuya a can a 1997, tsawonsa wajen mita 18, sai aka kira shi Jobaria. Wannan ladabi ne da ya dace, ko da yake a ganina bai isa ba, domin masu nuna hanya da masu gadin wuraren nan sun fi cancantar a riƙa jin sunayensu. Da a ƙasar Hausa aka tsinci ƙashin cinya mai tsawon mutum, na tabbata dodo za a ce. Sai dai Dodon tatsuniya yana magana, yana auren ’yan mata, Gizo yana yi masa wayo, kuma tatsuniya ba ta da “tun”, wata rana kawai take da ita. Waɗannan kuwa ba su taɓa haɗa ido da ɗan Adam ba. Sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, bayan wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo daga sama a gaɓar Meziko, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, kashi uku cikin huɗu na nau’in halittu suka tafi. Mafi tsufan ƙasusuwan mutum irinmu da aka samu, a Maroko, shekararsu kimanin 300,000 ne.

Faɗin miliyan ba wuya, jin ta a jiki ne aiki. A ɗauki carbi, a ce kowace ƙwaya shekara ɗaya ce, a riƙa jan ƙwaya ɗaya duk sakan, ana komawa baya. Kafin minti biyu su cika an wuce Kakalaba. A minti na tara an gaisa da Kanta. Kafin awa uku an wuce mutanen Gobero na farko. Kwana uku da rabi, an kai ga ƙasusuwan Maroko. Daga nan sai a yi ta ja, ba ci ba sha ba barci, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai bayan shekara biyu da wata guda a ji faɗuwar dutsen Meziko. Mai son ya ga Nigersaurus yana kiwo, sai ya cika shekara uku da rabi yana ja.

Mai hankali zai tambaya, wa ya ƙirga? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana da alaƙa da abin da ya kai Faransawan nan Gadufawa. Yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit, ba ya zama yadda yake. Sannu a hankali yana rikiɗewa ya koma dalma, a kan ma’aunin da zafi ko sanyi ba sa sauya shi: nau’insa da ya fi yawa, rabinsa kan rikiɗe cikin shekara biliyan huɗu da rabi. Idan dutse mai aman wuta ya watsa toka, a cikin tokar akwai ’yan ƙananan ƙwayoyi da suka kulle yuraniyom a cikinsu ranar da suka daskare. A auna yawan dalmar da ta taru, a san tsawon zamansu. Inda babu irin wannan toka, sai a gwada halittun da ke cikin hawan da na wani wuri da aka riga aka auna. Lissafin yana da ’yar tazara, shi ya sa ake cewa kimanin, kuma wani lokaci ana gyara shi: Jobaria da farko an ba shi shekara miliyan 135, daga baya aka gane ya haura miliyan 160. Duk da haka adadi ne mai farko, komai yawansa. Bai taɓa azal ba, bai ma kusance ta ba, kuma ban ga abin da zai tayar wa mai imani hankali ba don an ce masa halitta ta fi yadda ya zata daɗewa da yawa.

Wasu kan kira dabbobin nan kakannin ƙadangare. Sunan yana da daɗin faɗi, amma ya kauce. Ƙadangare da damo da guza wani reshe ne dabam, kuma dabbar tekun Goronyo ce ’yar uwarsu, ita kuwa ba dainoso ba ce. Ƙafafun ƙadangare a gefe suke, yana jan ciki. Na dainoso a ƙarƙashin jiki suke, a tsaye. Mai neman jikokinsu ya duba akurki. A kama ƙafar kaza a duba da kyau: yatsu uku a gaba, kowanne da ƙumba mai lanƙwasa, fata mai ɓawo-ɓawo har zuwa gwiwa. Haka sawun masu cin nama daga cikinsu yake a kan duwatsu, girma ne kawai ya bambanta. Ƙashin nan mai reshe biyu da ke ƙirjin kaza, wanda yara ke ja su karya, an same shi a jikin Suchomimus, wani mai kamun kifi mai tsawon mita 11 da aka tono a Tenere aka raɗa wa suna a 1998. Tun 1861 aka samu wata halitta a cikin dutse a Jamus, tana da fuka-fukan tsuntsu da haƙora da doguwar wutsiya mai ƙashi, shekararta miliyan 150. Dutsen Meziko bai gama da su duka ba. Wani ƙaramin reshe mai gashi ya tsira, shi ne zabo da tantabara da shamuwa.

Bahaushe yana da “tun” guda biyu da yake ajiye wa mai ji da kansa. Ɗaya ita ce tun kafin a yi daran aka yi kwandi. Ɗayar ta fi kaifi: tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Wanda ya fara faɗin wannan yana nufin ya ce wa wani, ba kai ka yi ni ba, na riga ka zama abin da nake. Ya duba cikin abin da idonsa ke gani, ya zaɓi tsuntsuwar da ke bin shanu a fadama tana caɓa ƙafa cikin laka ba ta ɓaci. Abin sha’awa a nan shi ne, wannan “tun” ba ta jingina da sarki ko yunwa ba, ta fita daga tarihin mutane gaba ɗaya ta kama wata halitta da ta riga su. Sabulu bai wuce shekara 5,000 ba a hannun ɗan Adam. Balbela irin ta yau ba ta ga Gadufawa tana da ruwa ba, amma gidan da ta fito ya gani, kuma in makaɗi zai bi mata asali yadda ake bi wa sarakuna, sai ya wuce ta kan dutsen Meziko ya ci gaba.

Tana da wani labarin kuma. Balbela tsuntsuwar Afirka da Asiya ce, babu ita a nahiyar Amurka sai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka fara ganinta a gaɓar arewa maso gabashin Amurka ta Kudu. Ba wanda ya kai ta. Da fuka-fukanta ta ƙetare Atilantika, tazarar da ba ta gaza kilomita 2,800 ba a inda ta fi ƙanƙanta, kuma yau tana bin shanu daga Ajantina har Kanada. Kadan Gadufawa ma yana da ɗan uwa a can: an samu ƙasusuwan wani Sarcosuchus a jihar Bahia ta Barazil. Shi bai ƙetare komai ba, domin a zamaninsa Barazil tana manne da Afirka ta Yamma, sai daga baya ƙasar ta tsage teku ya shiga tsakani. Har yanzu tsagar tana ƙara buɗewa, ’yan santimita kaɗan kowace shekara.